Uwargida, Ashe Kina Jin Girkanci Ba Ki Sani Ba?

Yau tafiya ce da mu mai nisa, amma kada ki tashi neman izinin maigida, don ko zaure ba za mu taka ba. Jakar Islamiyyar yara za mu zazzage, mu buɗe akwatin lefe, mu leƙa madafi, sannan mu ƙare a layin awo.

Da a ce wani zai tare ki a Gaya ko Ajingi ya ce kina jin yaren Girkawa, na san za ki riƙe haɓa ki ce, "Ni 'yasu! Ni da ko Wudil sai da dalili?" To ki gyara zama. Daga asuba zuwa kwanciyar barci da wuya ki wuni ba ki furta kalmomin mutanen nan goma ba. Rashin sani ne, wai kaza ta kwana a kan dami.

Girka, girki da Gaya

Mu fara kawar da ruɗani. Girka ƙasa ce a kudu maso gabashin Turai, babban birninta Atina, kuma ba abin da ya haɗa ta da girka tukunya. A littattafan malamanmu sunanta Yunan, mutanenta Yunanawa. Rumawan da aka saukar da sura sukutum da sunansu, waɗanda Manzon Allah (SAW) ya aika wa sarkinsu Hiraƙla da wasiƙa, da Girkanci suke magana. Sahabi Suhaibu ma a cikinsu ya tashi, shi ya sa ake masa laƙabi da Ar-Rumi.

Wani abin dariya, a tsohon yarensu ƙasar da muke takawa sunanta "Gaya", har suka ɗauke ta abin bauta, wa'iyazu billahi. Kada Bagayiya ta ji haka ta fara yanga, ta ce ashe dangi ne. Kama da wane ba ta wane. Akwai Gaya a Jamhuriyar Nijar, akwai wata a Indiya, ga kuma gayan tuwo, wanda ba ya bukatar fassara ga duk wadda cefane ya taɓa yanke wa. Tamu Gayar tana da abin alfaharinta na kanta, domin tarihin baka ya nuna daga nan maƙeran nan Abagayawa suka tashi neman tama har suka sauka a gindin Dala.

Kalmomin da suka iso mana da gaske hanya biyu suka biyo. Wasu a kan raƙumi suka zo, cikin littattafan Larabci da bakin fatake. Wasu kuma Turawa suka rakito, suka hau jirgin ƙasan da ya iso Kano a 1911.

Zazzage jakar Islamiyya

Abu na farko da zai faɗo shi ne alƙalami. Mu daga Larabawa muka karɓa, masana harshe da yawa kuma suna danganta kalmar da "kalamos" ta Girkawa, wato kara. Kin ga ke nan almajirin da ya feƙe sillen kara ya tsoma a tawada, shi ya fi mai biro riƙe asalin sunan.

Sai takarda. Girkawa suna ce wa fallen da ake rubutu a kai "khartes". Mutanen birnin Rum suka ara, Barbar na Arewacin Afirka suka karɓa daga gare su, Buzaye suka liƙa mata "ta" ɗinsu a gaba, sannan suka sauke mana ita tare da gishiri da dabino. Bayan ɗaruruwan shekaru sai ga ƙannenta sun biyo ta ta bakin teku: kati, katan da karta. Wato katin awonki, katin ɗaurin auren 'yarki, katan ɗin taliyar da kike jira tun kafin azumi, da kartar da ke hana wasu magidanta dawowa gida da wuri, duk 'yan ɗaki ɗaya ne. Kowane gida dai ba ya rasa ɗan da ya fanɗare.

Ƙamus kuwa asalinsa teku ne, daga "okeyanos". Wani malami mai suna Fairuzabadi, wanda ya rasu a farkon ƙarni na 15, ya tara kalmomin Larabci ya sa wa littafin suna Al-Ƙamusul Muhiɗ, wato teku mai kewaye. Littafin ya shahara har sunansa ya bi kowane littafin ma'anar kalmomi. Saboda haka idan yaro ya ce an ce ya sayo ƙamus, ki gaya wa babansa kuɗin teku ake nema, ya daina mamakin tsada.

A nan sai an yi hattara. Wata za ta ce, "Malama, ai alƙalami yana cikin Alƙur'ani, har da sura mai sunansa." Gaskiya ne, kuma magabata sun riga mu tattauna wannan. Imamu Shafi'i yana ganin babu kalmar da ba ta Larabci ba a cikin Littafin Allah. Imamu Suyuɗi kuma ya rubuta littafi guda, Al-Muhazzab, ya jero kalmomin da aka ce asalinsu daga Farisa ne, ko Habasha, ko Rum. Abu Ubaid ya sasanta tsakani da cewa Larabawa sun ari kalmomin tun kafin saukar wahayi, harshensu ya sarrafa su har suka zama nasu, sannan Alƙur'ani ya sauka da su a matsayin Larabci tsantsa. Kamar dai amaryar da aka kawo daga wani gari ce, ta haihu, ta aurar, ta yi jikoki. Wa zai kira ta baƙuwa?

Sadakinki ma bai tsira ba

Duk wadda ta karanta Risala ta san mafi ƙarancin sadaki a mazhabarmu ta Malikiyya rubu'in dinari ne, malamai kuma suka ce ko dirhami uku. To dirhami jikan "dirakma" ne, kuɗin azurfar Girkawa, kuma an ce ma'anarta ta fari cikin tafin hannu. Dinari na mutanen birnin Rum ne, amma ta hannun masu jin Girkanci ya shiga ƙasar Larabawa. A zamanin Annabi (SAW) da zinaren Rumawa da azurfar Farisa ake ciniki a Makka da Madina, ba a ce haramun ba ne don baƙi suka ƙera. Sai a shekara ta 77 bayan Hijira Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya buga dinarin Musulunci mai rubutu zalla.

Su Girkawan sun yi bankwana da dirakma a 2002, suka koma yuro. Amma har gobe Hajiyar da ke saro kaya a Dubai da dirhami take biya. Mai abu ya yar, maƙwabci ya tsinta ya yi arziki.

Karat ɗin da kike ji a bakin masu gwal daga "keratiyon" ya fito, wato ɗan ƙaho, sunan 'ya'yan wata bishiya mai kama da ɗorawa, waɗanda ake auna zinare da ƙwayoyinsu. Ita ce Larabawa suka mayar ƙiraɗi, kalmar da kika sani a hadisin ladan sallar jana'iza. Ga amfanin sanin wannan ranar sayen sarƙa: gwal tsantsa karat 24 ne. Mai 21 yana nufin kashi 21 cikin 24 ne gwal, ana buga masa lamba 875. Mai 22 lambarsa 916, mai 18 kuma 750, wato rubu'insa gauraye ne. Ki juya ɗan kunnen ki duba kafin ki ce Alhaji ya fi son ki a kan abokiyar zama.

Dinari guda kuwa giram huɗu da kwata ne na gwal, rubu'insa giram ɗaya da 'yar ɗoriya. Shi kansa giram Bagirke ne, haka kilo, da lita, da mita. Mudu da tiya kawai suka rage mana, su ma 'yan kasuwa sun bubbuge musu gindi.

Mu shiga madafi

Kananzir ɗin risho daga "keros" yake, wato kakin zuma. Wani masani ɗan Kanada, Abraham Gesner, ya raɗa masa sunan. Fetur daga "fetra", dutse, ma'ana man dutse, kuma duk wanda ya sha layi a gidan mai ya san sunan ya dace da taurinsa. Bota a wurinsu cukun saniya ce. Karas ma nasu ne.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne gas. Wani likita ɗan yankin Beljiyam, Van Helmont, wanda ya rasu a 1644, shi ya ƙirƙiro sunan daga "kha'os" ta Girkawa, wato hargitsi. Wallahi ya iya raɗa suna. Duk matar da tukunyar gas ta taɓa ƙare wa ana saura minti ashirin a sha ruwa, ga baƙin maigida a zaure, ta san fassarar ba sai an buɗe mata teku ba. Tunda kuma sunansa hargitsi, a riƙa kashe shi daga kan tukunya, a bar taga a buɗe, in kin ji warinsa kada ki kyasta ashana ko ki taɓa makunnin wuta.

Lantarki daga "elektaron" ne, wani ƙaro da yake daskarewa kamar dutsen ado, wanda suka lura in an goga shi yana jan ƙaiƙayi. Tarho muryar nesa ce. Hoto haske ne. Mashin da bakanike tushensu ɗaya, shi ya sa ba sa rabuwa. Talabijin kuwa ruwa biyu ce, kanta na Girka, jelarta ta Rum.

Girkawa masu jini a jika

Ba kalmomi kaɗai suka zo ba, su ma mutanen sun zo cin kasuwa. Kamfanin PZ da kakanninmu suka sani, harafin Z ɗin na George Zochonis ne, Bagirke, wanda ya haɗa jari da George Paterson ɗan Sikotilan a Saliyo, suka shigo Nijeriya a 1899. Daga gidansu Robb ya fito, wanda ba uwar da ba ta shafa wa ɗanta a ƙirji da hunturu ba, haka sabulun Joy, Premier da Canoe. Anastasios Leventis Bagirken tsibirin Kubrus ne, gidansu ya kafa kamfanin da ke ɗura Coca-Cola da Fanta a ƙasar nan a 1951. George Coumantaros shi ya kafa Flour Mills a 1960, masu Golden Penny.

To ki lissafa ranar suna: cincin da fanke na fulawarsu, taliyar 'yan barka tasu, lemon kwalba nasu, sabulun da aka tara wa mai jego nasu. Rago da ƙauri kawai suka bar wa angon ƙarni. Mu nan gabas ma abin ya matso kusa, don gidauniyar Leventis ta buɗe makarantar koyon noma a Panda ta ƙasar Albasu, maƙwabciyarmu.

Tunda an zo maganar suna, a lura: Safiyya Balarabiya ce, sunan Uwar Muminai, ma'anarta zaɓaɓɓiya tsarkakakkiya. Sofiya kuwa Bagirkiya ce, ma'anarta hikima, ita ce ma jelar kalmar falsafa. Ma'anar ba ta da aibu, amma mai raɗa suna ya san wadda ya nufa.

Layin awo da maganar "sanyi"

A asibiti kam sun yi kaka-gida. Kwalara, taifot, asma, duk sunayensu ne. Tiyata ma, wadda jin sunanta ke sa hanjin mutum kaɗawa, asalinta "tiyataron", wurin kallon wasa, saboda a da ɗalibai kan zauna a kan benci hawa-hawa suna kallon malami yana fiɗa. Rantsuwar da likitoci ke yi ranar yaye su ta samo tushe daga Buƙuraɗu, likitan Yunanawa da ya rayu kusan shekara 400 kafin Annabi Isa (AS).

Shi Buƙuraɗu da Jalinusu, wanda ya zo bayansa da ƙarnoni, sun tafi a kan cewa ruwa huɗu ke tafiyar da jiki, kuma cuta tana zuwa ne in zafi, ko sanyi, ko danshi, ko bushewa ya rinjayi sauran. A Bagadaza, zamanin Halifa Ma'amun da waɗanda suka biyo shi, aka fassara littattafansu zuwa Larabci, babban mai fassarar kuwa Hunainu ɗan Is'haƙa ne, Kirista, wanda ya rasu a 873. Ibnu Sina ya tace ilimin ya ƙara nasa a cikin Al-Ƙanun. Ilimin likitancin Larabci ya iso ƙasar Hausa, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan basir, ciwon ido da amfanin filasko. Saboda haka idan Inna ta ce kankana sanyi gare ta, citta kuma zafi, da Jalinusu zai ji da ya gyaɗa kai.

Sai dai 'yar'uwa, a nan dariya za ta ɗan tsaya. Jalinusu ya mutu bai taɓa ganin ƙwayar cuta ba, don sai bayansa da shekara fiye da dubu aka ƙera madubin ganinta. Yawancin abin da mu mata muke tarawa mu kira "sanyi", ƙaiƙayi ne, ko fitar ruwa, ko ciwon mara, ƙwayoyin cuta ne iri-iri, kowace da maganinta, wasu ma sai an haɗa da maigida an yi maganin tare. Jarkar mai lasifika a kasuwa ba ta san wacce ke damunki ba. Haka wankan jego. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka gano alaƙa tsakanin ciwon zuciyar da ke kama masu jego da yawan shan kunun kanwa tare da gasa jiki fiye da kima. Mai jegon da ƙafarta ta kumbura, tana haki, ba ta iya kwanciya sai a jingine, asibiti za a kai ta a ranar. Kada a ce sanyi ne ya shige ta a ƙara wa ruwa wuta.

Ashe Ahalari ma ya san su

Wace ce a cikinmu ba ta fara tsarki da salla daga Ahalari ba? To mai littafin, Shehu Abdurrahman Al-Akhdari na ƙasar Aljeriya, yana ɗan shekara 21 ya tsara wani littafi a waƙe mai suna Sullam, a kan manɗiƙ, wato ilimin auna hujja. Wanda ya fara tsara wannan fanni Arisɗo ne, Bagirke, malamin Iskandar. Sullam ya bi sawun wani ɗan littafi da ake kira Isaguji, sunan da ko ba a faɗa miki ba kin ji ba na Ƙuraishawa ba ne. Da Girkanci ma'anarsa gabatarwa.

Malamai sun yi saɓani a kan fannin. Suyuɗi ya hana karanta shi. Shehu Magili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya kare shi, har suka yi musayar baitoci, shi yana ganin gaskiya ake dubawa, ba wanda ya ɗauko ta ba. Imamu Gazali kuma ya zauna ya rairaye kayan Yunanawa kamar yadda kike rairayar gero. Lissafi da auna hujja ya ce tsaba ce, a ɗiba. Maganganunsu a kan Ubangiji da tashin ƙiyama ya ce tsakuwa ce, ya rubuta littafi ya rushe su.

Tsakuwar kuwa tana da yawa. Gumaka gare su birjik, ga duba da taurari. Dimokuraɗiyya kalmarsu ce, mulkin jama'a, amma a tsohuwar Atina jama'ar ba ta haɗa da mata da bayi ba. Mace ba ta da ikon ƙulla cinikin da ya wuce kimar wani ƙayyadadden awo na sha'ir sai da waliyyinta. Ke kuwa Musulunci ya ba ki gadonki, ya ba ki sadakinki a hannu, kuɗin ƙuli-ƙulinki da na adashinki naki ne. Matan Girka ba su sami cikakken 'yancin zaɓe ba sai 1952. Ashe ba komai ne na gidan maƙwabci ya fi naki ba.

Abin da za ki ƙulla a bakin zane

Har yanzu a garuruwanmu akwai gidajen da in yarinya ta ce kimiyya take son karantawa, sai a ce ilimin Turawa ne, me ya haɗa ɗiyar Musulmi da shi? Ki gaya musu kalmar kimiyya kanta daga Larabci muka same ta, Larabawa kuma daga Yunanawa. Musulmi suka riƙe wannan ilimi ɗaruruwan shekaru, suka gyara, suka ƙara, sannan Turai ta fassara daga Larabci ta ɗora. Al-Ƙanun na Ibnu Sina ya daɗe ana karantar da shi a jami'o'insu. Yarinyar da ta shiga ɗakin gwaje-gwaje gadon gidansu ta je karɓowa.

Mu ne kullum masu ƙorafin cewa mun je haihuwa namiji ya karɓe mu. To likita mace daga sama za ta faɗo? 'Yar wata ce za a bari ta gama sakandare. Ga jami'ar kimiyya da fasaha nan a Wudil, tafiyar da ba ta kai a yi guzuri ba. A ba ta Alƙur'ani da Ahalari su zauna mata daram, su ne matankaɗinta, sannan a sake ta ta ɗebo tsaba duk inda take.

Kafin wata mai zuwa ga ɗan aikin gida. Yau da daddare in maigida ya gama cin tuwo, ki tambaye shi ma'anar gas da Girkanci. In ya sani, ki ƙara masa nama. In bai sani ba, ki fassara masa, sannan ki nuna masa tukunyar, don ta kusa ƙarewa.

Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani, Ya shirya mana zuriya, Ya zaunar da mu lafiya a ɗakunanmu. Wassalamu alaikum.